Lambun da Aka Haƙo Daga Ƙarƙashin Kwalta: Nazarin Makarantar King ta Berkeley

A farkon shekarun 1990, duk wanda ya bi ta gaban makarantar Martin Luther King da ke garin Berkeley, a jihar Kalifoniya ta Amurka, da wuya ya yarda akwai mai kula da wurin. Bango ya sha rubuce-rubucen fenti, ciyawar harabar ta ƙone, ga wani makeken fili da aka malale da kwalta tun tale-tale, ya tsattsage har haki ya fito ta tsagogin. Yara wajen dubu ne ke karatu a ciki, 'yan aji shida zuwa takwas, wato masu shekara 11 zuwa 14, kuma a gidajensu ana magana da harsuna sama da ashirin. Ɗakin cin abincin makarantar an rufe shi da daɗewa. In yunwar rana ta taso, sai dai yaro ya nufi wata 'yar rumfa a ƙarshen filin ajiye motoci, ya sayi abincin leda da aka ɗumama a na'ura.

Ta wannan hanya Alice Waters ke wucewa kullum zuwa Chez Panisse, gidan abincin da ta buɗe a 1971, wanda ya yi suna saboda sayen kayan miya daga hannun manoman kusa, kowane abu a lokacinsa. Kafin ta shiga harkar girki malama ce. Ta yi horon koyarwa irin na Montessori a Landan, tsarin da ya ɗauki hannun yaro da hancinsa da harshensa a matsayin ƙofofin da ilimi ke shiga ta cikinsu. Wata rana tana hira da wani ɗan jarida sai ta ambaci makarantar, ta ce kamar an yi watsi da ita. Maganar ta fito a jarida, shugaban makarantar Neil Smith ya karanta. Wani shugaban da sai ya hau dokin zuciya ya mayar da martani. Shi kuwa nemanta ya yi, ya ce tun da ta ga laifin, ta zo ta faɗi magani.

Ta zo, suka zagaya harabar tare. Abin da ta kawo ya fi ƙarfin abin da ya zata: a fasa kwaltar nan a yi lambu, a buɗe kicin inda yara za su dafa abin da suka noma, a ƙarshe kuma a sake fasalin abincin rana na makarantar kacokan. Ta riga ta ga irinsa a wani wurin da ba a zato, wato gidan yarin gundumar San Firansisko, inda Catherine Sneed ta kafa lambun da fursunoni ke nomawa, har Chez Panisse na sayen ganye daga can. Tunaninta shi ne, aikin da ya natsar da babban mutum a kurkuku ai ba zai gagari ɗan shekara goma sha biyu ba. Daga nan aka samu shirin da aka raɗa wa suna Edible Schoolyard, wato harabar makarantar da ake ci, wanda ya fara a 1995.

Lambunan makaranta ba sabon abu ba ne a Amurka, kuma mutuwarsu ma ba sabuwa ba ce. Tun 1891 aka yi wani a makarantar George Putnam da ke Roxbury a jihar Massachusetts. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin tarayya ta kafa rundunar lambun makarantu, yara suka yi ta noma da sunan taimakon ƙasa, amma yaƙi na ƙarewa kuɗi ya tsaya, lambuna suka koma fage. Haka labarin yake maimaituwa a ko'ina: malami ɗaya mai himma, biki ranar dasa itace, hotuna, bayan shekara biyu a yi masa canjin wurin aiki, sai ƙaya. Lambun King ya haura shekara ashirin da biyar yana nan. Wannan daɗewar ce ta sa ya cancanci nazari, kuma a nawa ganin sirrinta yana cikin abubuwa biyu marasa armashi, waɗanda ba sa fitowa a hoto: albashi da jadawali.

Ƙasa tukuna

Tsakanin 1995 da 1996 aka ɓamɓare kwalta daga fili mai faɗin eka ɗaya. Abin da aka tarar a ƙasa bai yi kama da gona ba. Ƙasa ce da ta shekara da shekaru ba ta ga rana ba, ta dunƙule ta yi tauri, babu tana, babu ruɓaɓɓen ganye. Da an yi gaggawar dasa tumatir da latas don a burge iyaye, da an ji kunya. Sai aka fara da shukar da ba ci za a yi ba: dangin wake, da hulba, da ciyawar da ke rufe ƙasa. Saiwarsu tana ratsa ƙasa mai tauri tana buɗa ta, kuma a jikin saiwar dangin wake akwai ƙananan ƙulluttai inda wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna ajiye shi. In shukar ta yi kore shar, kafin ta yi 'ya'ya, sai a sare ta a juya ta cikin ƙasa ta ruɓe. Aka haɗa da taki mai yawa. Yaran da suka yi wannan zagaye na farko kusan ba su ɗanɗana komai ba, amma sun ga da idonsu yadda matacciyar ƙasa ke farfaɗowa, darasin da 'yan bayansu sai dai a ba su labari.

An ɗauki David Hawkins ya zama mai kula da lambun, aikinsa ke nan, da shi ake biyansa. Shi ne ya bar yara suka sa hannu a tsarin wurin, shi ya sa lambun bai fito a miƙe kamar an ja da igiya ba. Hanyoyi sun lanƙwasa, fangulan shuka kowanne da siffarsa. A hankali aka ƙara itatuwan marmari, da akurkin kaji, da ɗakin ajiye kayan aiki, da wurin renon iri, da tanderun gasa burodi mai amfani da itace, da tankin tara ruwan sama. A tsakiya kuma aka kafa wata rumfa mai zagaye da suke kira Ramada, an jera damman tattaka a cikinta a matsayin kujeru.

Yadda darasi yake tafiya

A Ramada ake fara kowane darasi. Aji guda, yara wajen talatin, su fito tare da malamin kimiyyarsu, su zauna a kan tattaka suna fuskantar juna. Malaman lambu su faɗi ayyukan ranar: wasu za su juya taki, wasu za su dasa, wasu girbi, wasu gyaran fangali. Yaro ne ke zaɓen inda zai je. Wannan ɗan zaɓi, ƙarami ne a ido, amma yana kashe rabin rigima tun kafin ta taso, domin wanda ya ce shi shebur yake so ba zai dawo yana cewa an tilasta masa ba. Sai a rabu ƙungiya-ƙungiya, kowacce da babba guda.

A ɗauki masu taki. Suna da tsibi-tsibi a jere, daga sabo zuwa wanda ya nuna. Su zuba ɓawon kayan miya da ya fito daga kicin, su rufe da busasshen ganye da tattaka, su yayyafa ruwa. Sai a soka dogon ma'aunin zafi cikin tsibin da aka haɗa makon jiya. Yaro ya duba ya ga zafin ya kai wajen digiri 55 ko 60, ya tura hannu ya ji ɗumi, ya ga tururi na tashi da sanyin safiya. Dole ya tambaya: wa ya hura wuta a ciki? Daga wannan tambaya malami ya samu ƙofar maganar ƙwayoyin halittar da ke cin ganyen suna numfashi suna fitar da zafi, da dalilin da ya sa tsibin ke wari in iska ba ta shiga ba, da amfanin juyawa. A aji, wannan bayani ne da ake rubutawa a allo a kwafa. A nan yaron ne ya nema. In lokaci ya kusa cika, a wanke shebur da manjagara, a mayar da kowanne mazauninsa, a tura baro ɗaki, a sake haɗuwa a Ramada. Sau da yawa akan rufe da ɗanɗano: a yanka abin da aka tsinko, kowa ya ci ya faɗi abin da ya ji a bakinsa.

Abin lura shi ne wannan fita ba ta cikin wasannin bayan tashi, kuma ba lada ba ce ga masu ƙoƙari ko horo ga masu laifi. Lokacin darasin kimiyya ne, yana cikin jadawali, kowane ɗalibi a makarantar sai ya bi ta nan. Malamin aji ba ya miƙa yara ya koma ofis, da shi ake yi. Shi ya sa abin da aka gani a lambu yake komawa aji, abin da aka karanta a aji yake fitowa lambu.

Kicin ya buɗe a 1997, aka ɗauki Esther Cook ta zama malamar girki. Da farko a tsohon ɗakin cin abincin nan da aka rufe aka raɓa. Tsarinsa tebur uku ne, kowanne da yara wajen goma da babba ɗaya, da murhunsa da kayan aikinsa. Wuƙaƙe na gaske ake ba su, masu kaifi, bayan an koya musu riƙo. Akwai turmi da taɓarya, kuma da gangan aka fi son kayan hannu a kan na lantarki, don yaro ya ji yadda ƙwaya ke komawa gari. Nan ne darasin tarihi ke shigowa. Manhajar Kalifoniya ta sa 'yan aji shida su karanci tsofaffin dauloli, irin su Mesofotamiya da Masar da Indiya da Sin da Girka da Rum. To maimakon a ce musu mutanen da suna niƙa hatsi da hannu, sai a ba su alkama su niƙa. Bayan minti goma hannu ya gaji, garin bai cika tafi ba, yaro ya fahimci dalilin da ya sa ƙirƙiro injin niƙa ya zama babban al'amari a tarihin ɗan Adam. In an zo kan mutanen Maya da Aztek, tsofaffin al'ummomin Meziko da Amurka ta Tsakiya, ga masara da wake da kabewa an shuka su wuri guda kamar yadda suke yi: wake ya hau karan masara, kabewa ta shimfiɗa ganye ta tsare danshi.

In an gama girki, a share tebur, a shimfiɗa masa mayafi, a ajiye furanni daga lambu, kowa ya zauna a ci tare ana hira. Sannan a wanke kwanuka, ɓawo ya tafi wurin taki. Waters ta dage a kan mayafin da furannin nan, wasu na ganin ƙawa ce kawai irin ta masu gidan abincin attajirai. Ni ban ga haka ba. Yaron da ya saba cin abinci a tsaye daga leda, in aka shimfiɗa masa tebur, an gaya masa wani abu game da darajarsa ba tare da an buɗe baki ba.

Abin da eka ɗaya ba za ta iya ba

Akwai kuskuren da ake yawan yi, a ɗauka lambun ne ke ciyar da makarantar. Lissafi kaɗai ya isa ya warware wannan. Eka ɗaya murabba'in mita 4,000 ce da 'yan kai. A raba wa yara dubu, kowa ya tashi da mita huɗu, tun kafin a cire hanyoyi da rumfa da akurki da wurin taki. Ga kwanakin karatu wajen 180 a shekara. Abin da lambun ke fitarwa na kicin ɗin koyarwa ne, ya isa a ɗanɗana a yi darasi, bai isa abincin rana ba.

Shi ya sa kashi na uku na burin Waters ya ɗauki kusan shekara goma kafin ya motsa. Yara na fitowa daga darasin ganye su koma cin abincin daskare da aka ɗumama, hannun dama na rushe abin da na hagu ya gina. Sai a 2004 hukumar makarantun Berkeley ta haɗa kai da gidauniyar Chez Panisse, wadda aka kafa a 1996, da cibiyar ilimin muhalli ta Center for Ecoliteracy, suka ƙaddamar da shirin gyaran abincin rana na duk makarantun garin. A 2005 aka ɗauko Ann Cooper ta shugabanci sashen abinci, ta kori yawancin abincin leda, ta mayar da girki daga ɗanyen kaya, ta sa teburin ganye a kowace makaranta. A 2008 aka buɗe sabon zauren cin abinci a King, wanda kicin ɗinsa ke dafa wa sauran makarantu. Kayan da ake dafawa a can saye ake yi.

Suka, da abin da bincike ya nuna

A farkon 2010 mujallar The Atlantic ta buga wata doguwar suka daga Caitlin Flanagan. Ta ce a ƙaddara ɗan ci-rani daga Meziko ya ƙare ƙarfinsa yana tsinkar latas a gonakin Kalifoniya don ɗansa ya yi karatu ya tsira daga wannan wahala, sai yaron ya shiga makaranta a miƙa masa fartanya. A ganinta, 'ya'yan talakawa lissafi da karatu suke buƙata don su ci jarrabawa, kuma babu hujjar cewa lambu na ƙara musu maki. Rubutun ya tayar da ƙura, magoya bayan lambu suka yi mata ca.

Akwai inda ta zarce. Wanda ke sunkuye daga asuba zuwa yamma ana biyansa da yawan kwandon da ya cika, da yaron da ya yi awa ɗaya da rabi yana auna zafin taki, ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da kayan aikin sun yi kama. Amma tambayarta ta hujja tana nan daram, kuma zagi bai amsa ta ba. A watan Satumba na wannan shekarar, cibiyar Atkins mai binciken ƙiba da lafiya ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da sakamakon bin sawun yara 238 na tsawon shekara uku. An ga cewa a makarantun da shirin ya kafu sosai, wato akwai lambu da girki da gyararren abincin rana gaba ɗaya, yara sun fi sanin abinci mai gina jiki, sun fi son ganye, sun kuma fi cin kayan lambu da na marmari, idan aka kwatanta da makarantun da shirin bai yi nisa ba. Sai dai gidauniyar Chez Panisse ce ta ɗauki nauyin binciken, kuma ci gaban da ya nuna a kan cin abinci ne, alhali Flanagan maki take tambaya.

Bincike daga wasu wurare ya ƙara fito da hoton. A Landan an gwada shirin lambu a makarantun firamare 23, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa lambu shi kaɗai bai canza yawan ganyen da yara ke ci ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. A yankin Austin na jihar Texas kuwa, gwajin da aka yi a makarantu 16 da yara sama da 3,000, inda aka haɗa noma da girki da darasin abinci a hannun malaman da aka ɗauka don haka, ya ƙara cin ganye, amma bai rage ƙiba ba. In aka jera ukun, abin da ke fitowa shi ne fangalin latas a bayan aji ba ya yin komai da kansa. Sai an dafa, an ci, an maimaita, kuma akwai wanda aikinsa ke nan.

Wa ke biya?

A nan ne labarin King ya rabu da na maƙwabtansa. Yanayin Berkeley ruwan sama da hunturu yake zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Daga Yuni zuwa Satumba kusan ko ɗigo babu, kuma daidai lokacin ne ake dogon hutu. Wato sa'ad da tumatir da masara suka fi bukatar ruwa da ido, makaranta ba kowa. Lambun da ya dogara da malamin sa-kai a wannan hutun yake mutuwa. Na King yana da ma'aikata na dindindin a lambu da kicin, kuma gidauniya ce ke tara kuɗin albashinsu, da sunan Waters da irin mutanen da take iya kira su amsa. Shirin ya haifi 'ya'ya, ciki har da na New Orleans da aka fara a 2006 bayan guguwar Katrina, kuma ana yawan danganta shi da lambun da Michelle Obama ta shuka a Fadar White House a 2009. Amma ba kowace makaranta ke da shahararriyar mai gidan abinci a unguwarta ba.

Jihar ta gwada yaɗa abin. Tun 1995 shugabar ilimi ta Kalifoniya, Delaine Eastin, ta yi kiran a samu lambu a kowace makaranta, kuma a 2006 majalisar jihar ta ware dala miliyan 15 don haka. In aka watsa wannan kuɗi a kan dubban makarantu, abin da kowacce za ta samu na sayen tiyo da iri da katako ne. Ba ya ɗaukar mutum aiki.

Sauran makarantun Berkeley kuwa da tallafin gwamnatin tarayya suke biyan malaman lambu da girki, kusan dala miliyan biyu a shekara. A 2013 aka canza ƙa'idar rabon kuɗin, tallafin ya yanke. Lambun King bai girgiza ba, amma a sauran makarantun aka rage ma'aikata, darussan girki suka fi shan wuya. Gari ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, yara iri ɗaya. Bambancin kawai inda albashi ke fitowa.

Mafitar da aka samu ta zo ta wata hanya ta daban. A Nuwamban 2014 mutanen Berkeley suka jefa ƙuri'a, wajen kashi uku cikin huɗu suka amince da harajin santi ɗaya (kashi ɗaya cikin ɗari na dala) a kan kowace oza (wajen mililita 30) ta lemon kwalba da sauran abin sha mai sukari, karo na farko da wani gari ya yi haka a Amurka. Harajin ya fara aiki a 2015, kuma wani kaso mai tsoka na kuɗin aka riƙa tura wa shirin lambu da girki na makarantu. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gano shan irin waɗannan lemuka ya ragu da kashi 21 cikin ɗari a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi na garin. Malamin lambu a Berkeley yanzu yana tsaye a gaban yara yana nuna musu yawan sukarin da ke cikin kwalba ɗaya, alhali wani ɓangare na albashinsa daga cinikin kwalbar yake fitowa.